Ba tsoro ne ya hana Joshua da Fury karawa a 2021 ba

Har yau masu kallon dambe suna cewa tsoro ne ya hana Anthony Joshua da Tyson Fury haɗuwa a 2021. Wannan zargin ba adalci ba ne. An riga an tsayar da watan Agusta a Saudiyya, sai mai sasanci a Amurka ya ce dole Fury ya cika yarjejeniyar sake karawa da Deontay Wilder.

Kuma ɗan dambe ba shi kaɗai yake zaɓar abokin karawa ba. A 2021, cikin masu shirya wasannin dambe, Eddie Hearn ke riƙe da Joshua, Frank Warren da Bob Arum ke riƙe da Fury, kowa da tasharsa ta talabijin: Sky da DAZN a ɓangaren Joshua, BT Sport da ESPN a ɓangaren Fury. Sai dukkansu sun yarda da rabon kuɗi.