Gilashin da ke sa mai ƙiba gumi a cikin ɗaki

Tun da ƙanena ya dawo Yamai da wannan na'urar da ake ɗaurawa a fuska, wadda ke jefa mutum cikin wata duniya ta kwamfuta har ya ji kamar yana tsaye a cikinta, ake ta gardama a gidanmu na Yantala. Mahaifiyarmu ta ce wasan yara ne. Ni ma haka na ɗauka, sai ranar da ya ce, "Yaya, gwada minti goma kawai," na ɗaura gilashin, mai suna Meta Quest, na riƙe sanduna biyu ina saran akwatunan da ke tahowa da kiɗa, ina sunkuyawa ina kaucewa. Da na cire, rigata ta jiƙe sharkaf, soson da ke manne da goshina ya cika da gumi, kuma kaina ya ɗan juya na wani lokaci.

Abin da ya sa na ɗauki lamarin da muhimmanci shi ne maganar da likita ya yi mini bayan ya auna nauyina da tsawona: lissafin da ake kwatanta nauyi da tsawo da shi ya kai 29, alhali daga 25 ake cewa nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma ƙiba ta zama cuta. A wurinmu tumbi alamar jin daɗi ne, har a taya mutum murna idan ya cika riga. Amma kitsen da ya yi yawa yana tafiya da hawan jini da ciwon suga, waɗanda sannu a hankali suke lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, shi ya sa kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya saka ƙibar tsakiyar shekaru cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin cutar mantuwa a rahotonsa na 2020.

Ra'ayina shi ne, idan ana maganar kare ƙwaƙwalwa, gumin ne ke aiki, ba gilashin ba. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2011, an bi dattawa 120 shekara guda, aka ga sashen ƙwaƙwalwar da ke riƙe tunani ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100 a wurin masu tafiyar ƙafa da sauri. Babu na'ura a fuskarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana neman minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ba ta ce sai da kayan zamani ba.

Duk da haka ba zan raina gilashin ba, domin yana magance abin da ya fi hana mai ƙiba motsi, wato kunya da gajiyar zuciya. Matar aure mai shekara arba'in da ba za ta iya zagaya filin wasa na Seyni Kountché ana kallonta ba, za ta iya rufe ƙofa ta motsa son ranta. Sannan wasan yana tilasta wa mutum ya lura, ya zaɓi hannu, ya yanke shawara cikin ƙiftawar ido yayin da jiki ke aiki, kuma wannan haɗin ne masu bincike ke ganin yana kaifafa hankali, ko da yake yawancin gwajin an yi shi ne kan mutane kaɗan cikin ƴan makonni.

Kuɗinsa kuwa ya haura jika 150, ga cajin batir a garin da ake ɗauke wuta da rana tsaka. Don haka na tsara wa kaina tafiya bayan sallar asuba sau huɗu a mako, na bar gilashin ƙanena don watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma ko inuwar darbejiya ba ta zaunuwa.