Kawu ya zuba hatsi a wuta saboda vokal

Kun ji vokal ɗin, wato saƙon muryar nan na waya, ba sai na sake ɗora shi ba. Sati biyu ke nan yana yawo a gurup-gurup ɗin Tawa: wani mutum da bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garinsu ba, yana rantsuwa wai irin hatsin nan Chakti an sa masa maganin hana haihuwa, wai in ka shuka shi sau ɗaya gonarka ta mutu, wai kuma ba ya tsira a shekara ta biyu. To jiya na ga ɗan da vokal ɗin ya haifa. Tiya biyu na saya na aika wa kawuna a ƙauye. Na kira in ji ko saƙo ya iso, sai ya ce mini, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, amma na zuba shi a murhu. Mun ji abin da ke ciki."

Hatsi a wuta! Tsohon da in ƙwaya ɗaya ta faɗi wajen sussuka sai ya duƙa ya tsince ta. Ban ga laifin Kawu ba, tsoro aka ba shi ya karɓa. Laifin na wanda ya yi maganar ne, da ku da kuka tura ta gaba ba ku tambayi kowa ba.

Hatsi ne. Hatsi ne kamar wanda ke rumbun ubanka. Ba a dasa masa jinin wata halitta ba, ba irin GMO ba ne. Yadda kakanninmu ke ware zangarniya mai kyau su rataye don iri, haka masu bincike suka yi, sai dai su suna auna sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙwayar, wanda jiki ke buƙata wajen yin jini, su zaɓi mai yawa, su sake shukawa, shekara da shekaru. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, tare da takwararta INRAN tamu ta Nijar da shirin HarvestPlus na ƙara wa cimaka sinadaran gina jiki suka yi aikin, kuma a 2018 aka amince da shi a ƙasar nan. Shi ne hatsi na farko irin wannan da aka fitar a Afirka. Yana ɗauke da ƙarfe wajen miligiram 65 a kilo, alhali waɗanda aka saba shukawa suna wajen 47. Kuma tushen waɗannan ire-iren masu ƙarfe wani hatsin manoman arewacin Togo ne da ake kira iniadi. Abin manoman Afirka ne ya zaga ya dawo gida.

Wani ya rubuto mini wai "ai abin da ya fito daga hannun masu bincike ba a yarda da shi." To irin hatsin nan HKP fa? Shekara nawa ana shuka HKP daga Konni har Damagaram? Daga ina kuke zaton ya fito? Ko akwai garin da aka daina suna saboda an ci tuwon HKP? Ku nuna mini garin, ni zan biya kuɗin mota mu je tare.

Abin da ya fi ƙona mini rai, a gidan Kawun nan ne surukarsa ta haihu bara, sai da aka nemi leda biyu na jini kafin ta dawo hayyacinta. Ni na zaga dangi ina roƙon wanda jininsa ya dace. Tun tana zuwa awo ungozoma ke gaya mata jininta ya yi ƙasa, ana ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ta sha kwana uku ta bari saboda suna tayar mata da zuciya. Babban binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna yara bakwai cikin goma ƴan ƙasa da shekara 5 suna da ƙarancin jini, mata kuwa kusan rabi. Ku buɗe idon ɗanku ku duba cikin fatar ƙasa, ku ga ko ja ne ko fari. Wannan farin da kuke gani shi ne yaron da ke barci a aji, shi ne matar da ke haki daga rijiya zuwa gida.

Na san za a ce ai zazzaɓin sauro ma na cinye jini, ga tsutsar ciki, ga sikila. Gaskiya ne, babu mai musu. Amma don rufin ɗaki na yoyo ta wuri uku, sai ka ƙi toshe wanda hannunka ya kai? Nama ya fi ƙarfin talaka, hanta sai ranar layya. Abin da ke shiga cikin mutumin ƙauye safe da rana da dare shi ne hura da kunu da tuwo. In ƙarfen yana cikin hatsin, ba a ce ya sayi komai ba, ba a ce ya canza cimarsa ba.

Kuma an gwada, ba zato ba ne. A Benin an ba ƴan mata tuwon hatsi mai ƙarfe aka auna, aka tarar ƙarfen da jikinsu ya sha ya kusan ninka na hatsin da aka saba. An buga sakamakon a 2013. A Indiya, jihar Maharashtra, an ciyar da yaran makaranta 246 masu shekara 12 zuwa 16 har wata shida, aka buga a 2015: waɗanda suka ci mai ƙarfen sun fi saurin fita daga ƙarancinsa. Waɗannan mutanen sun sa sunayensu a aikinsu, sun faɗi inda suka yi, kowa na iya bincikarsu. Mai vokal fa, wa ya san fuskarsa?

Batun wai ba ya tsira a shekara ta biyu kuwa, ƙarya ce tsagwaronta. Ka ajiye iri daga gonarka ka sake shukawa, zai fito. Abin da malaman gona ke cewa shi ne a sabunta bayan ƴan shekaru, don hatsi iska ke yi masa barbara, yana gauraya da na maƙwabci. Wannan haka kowane hatsi yake.

Da mai vokal ya ce zangarniyarsa gajeriya ce, ba ta cika damin da idon manomi ya saba gani, da na saurare shi. Da ya ce yana riga na kowa nuna, tsuntsaye su taru a kansa, da na ce ya yi magana ta manomi. Duk da haka nuna da wuri, a ƙasar Adar da ruwa kan ɗauke hatsi na tsakiyar fidda kai, ni rahama nake ganin ta. Kawu da kansa ya sha cewa wata ɗaya na ƙarshen damina shi ke kashe shi.

Hatsi ne, jama'a. Wanda bai so ya shuka, kada ya shuka, gonarsa ce. Amma kada ka ɗauki tsoron haihuwa, abin da ka san babu dattijon da zai yi wasa da shi, ka jefa a kunnen mutumin da bai iya karatu ba. Allah zai tambaye ka.

Sannan ku ƴan fada, tunda na fara bari in ƙarasa. Shayin nan da ake ɗorawa ana sauke kwanon tuwo, yana hana jiki shan ƙarfen da ke cikin abincin. Ku da kuke maza majiya ƙarfi da sauƙi, amma yanzu har mai ciki ake miƙa wa kofi na biyu, har yaro ɗan shekara uku ana cika masa moɗa da Lipton da burodi da safe an bar kunu. Ku ba da tazarar awa ɗaya ko biyu. A matsa lemun tsami a kunun, a kaɗa garin ƴaƴan kuka a hura yadda Inna ke yi mana, yana taimaka wa ƙarfen ya shiga jiki. Ran kasuwa zan sake sayen tiya biyu, wannan karon da kaina zan kai, in zauna da Kawu a gindin gawo har sai ya gaji da tambaya.