Haƙar yashin mai a Alberta: a saurare ka, a buga wa kamfani hatimi

Abin da ake kira zaman sauraron jama'a kan haƙar yashin mai (yashi mai gauraye da ɗanyen mai mai kauri) a lardin Alberta na Kanada abin takaici ne, wallahi. Tun a bakin ƙofa ake tankaɗe mutane. Kamfani zai miƙa wa hukumar makamashi ta lardin, AER, rahoton muhalli mai dubban shafuka, wanda ƙwararrun da ya biya suka shekara da shekaru suna haɗawa. Kai kuma yawanci kwana 30 za a ba ka ka shigar da ƙorafi, kuma sai ka nuna aikin zai cuce ka kai tsaye. Masunci a ƙauyen Fort Chipewyan, can gangaren kogin Athabasca, ina zai samo masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa cikin wata guda? Ga shi kuɗin tafiyar da hukumar daga aljihun kamfanonin da take sa wa ido yake fitowa.

To a ce ka samu shiga. Dubi mahaƙar Frontier ta kamfanin Teck, wadda aka tsara ta fitar da gangar mai 260,000 a kullum. An zauna a 2018, an ji shaidu. A Yulin 2019 kwamitin da ya saurari shaidun da kansa ya rubuta cewa aikin zai yi mummunar ɓarna ga fadamu, tsofaffin dazuzzuka, garken baunan Ronald Lake da rayuwar 'yan asalin ƙasar. Sannan ya ce aikin maslahar jama'a ne! Kamfanin ne ya janye don kansa a Fabrairun 2020. Haka aka yi da faɗaɗa mahaƙar Jackpine ta Shell a 2013: an tabbatar da ɓarnar, an ba da izini.

Sharuɗɗan da ake liƙa wa izinin yawancinsu alkawarin gobe ne. Kusan tan biyu na yashi ake wankewa da ruwan zafi kafin a samu ganga ɗaya, dagwalon ya tafi tafkunan da yanzu suka haura lita tiriliyan ɗaya. Wa zai share? A 2015 babban mai binciken kuɗi na lardin ya gano ajiyar dalar Kanada biliyan 1.57 kacal aka riƙe daga kamfanonin a matsayin jinginar sharewa, alhali gyaran mahaƙun zai ci biliyan 20.8.

Sai mahaƙar Kearl ta kamfanin Imperial Oil. A Mayun 2022 aka ga gurɓataccen ruwa yana tsattsafowa. Hukumar ta sani. Al'ummun 'yan asalin ƙasar na Athabasca Chipewyan da Mikisew Cree, masu kamun kifi da farauta a yankin, ba su san girman lamarin ba sai Fabrairun 2023, bayan lita miliyan 5.3 ta malale. Wata tara suna ciyar da 'ya'yansu daga wannan ƙasa, babu wanda ya ce musu su dakata.