Kafin a kira mai injin yanka itace

Jama'a, duk shekara in ruwan farko ya sauka da iska, kashegari ƙarar da ke cika unguwanninmu ita ce ta injin yanka itace. Bishiya ɗaya ce za ta faɗi a bakin layi ta danne katanga, sai kowane maigida ya fito ya dubi tasa da idon tuhuma, kafin la'asar an kwantar da wasu da dama waɗanda ko reshe bai karye a jikinsu ba. Abin nan yana ci mini rai, shi ya sa na zauna na yi wannan rubutu, ku yi haƙuri da tsawonsa.

Ba na raina tsoron da ke sa mutane yin haka. Duk wanda ya san abin da ya faru a birnin Bauchi a watan Yunin 2018, ana cikin shagalin ƙaramar Sallah, ya san iska ba abin wasa ba ce. Ta yaye rufin gidaje, ta zubar da turakun lantarki, ta tuge manyan itatuwa, aka rasa rayuka, har Shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya je garin jaje. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Uban da ya kwana yana jin reshe na gurzar kwanon ɗakin da 'ya'yansa ke barci, in ya tashi da niyyar sare bishiyar, ba zan ce masa mahaukaci ba. Abin da zan ce masa shi ne ya tsaya ya duba dalilin da ya sa waccan ta faɗi, ita kuma tsamiyar bakin masallaci, da ta girmi kakansa, tana nan tsaye.

Iskar nan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mun san lokacinta, mun san ta inda take fitowa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, iska mai laima da ke tasowa daga teku tana haurowa arewa, ta tarar ƙasa ta gasu da zafin bazara. Hadari ya haɗu daga gabas ya yi tsiri sama, ruwan da ya fara zubowa ya ratso ta cikin busasshiyar iska, wani ya ƙafe tun bai iso ƙasa ba. Wannan ƙafewar ce ke sanyaya iskar ta yi nauyi, ta rikito ta bugi ƙasa, ta bazu a guje gaban hadarin. Ita ce ke ɗauko jan holoƙon da muke gani kafin ɗigon farko, ita ce kuma ke karya rassa da yaye kwano cikin 'yan mintoci. Ɓarnar watan Agusta daban ce. A lokacin ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi, saiwa ba ta da abin kamawa, ko iskar ba ta kai ta farkon damina ƙarfi ba sai ka ga bishiya ta kwanta gaba ɗaya da saiwarta a sama. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, tana kuma gargaɗi in ana sa ran hadari mai tsawa da iska. Don haka ba mu da hujjar cewa an yi mana bazata.

Magana ta gaskiya ita ce, yawancin itatuwan da ke faɗuwa a cikin gari, iska ta iske kaba na rawa ne. Mu muka fara kayar da su tun shekaru kafin ranar.

Ku je ku duba gindin wadda ta tuge a unguwarku kafin a faskara ta. Sau da yawa za ku ga saiwar ɓangare ɗaya a datse, an sare ta ranar da ake haƙa lambatu, ko fandishon shago, ko ramin sokawe. Mutane da yawa suna zaton saiwar bishiya ƙasa take nutsawa kawai, don haka in an yanke na gefe ba komai. Alhali mafi yawan saiwoyin da ke riƙe da ita suna cikin mita ɗaya na saman ƙasa, sun bazu sun wuce iyakar inuwarta. Ka datse na gabas, ka cire mata abin da za ta riƙe da shi a daidai ɓangaren da iska ke bugowa. Ba za ta nuna maka ba a shekarar, ganyenta shar, sai ranar da aka yi hadari.

Sai kuma daɓen siminti da intalok, wanda ya zama ado a gidajenmu na yanzu. A malale tsakar gida tun daga ƙofar zaure har bakin kicin, a bar wa mangwaro ɗan rami da bai fi faɗin tire ba, a ce ya rayu a haka. Ruwan sama ba ya shiga ƙasa, iska ba ta ratsa ta, saiwa ta shaƙe ta fara ruɓewa a ɓoye. Ga masu tara shara a gindin bishiya su cinna mata wuta kullum da yamma, ɓawo ya ƙone, gara ta samu ƙofa ta shiga ta cinye cikin, kututture ya zama kogo. Ga masu sassaƙe don magani, da ba sa ɗiban gefe ɗaya su bar sauran ya warke, sai sun zagaye ta. Maɗaci da yawa a garuruwanmu haka suka mutu a tsaye. Wannan duk aikin hannunmu ne.

Akwai wanda ya fi ba ni takaici, domin masu yin sa suna ganin kariya suke yi. Shi ne a hau darbejiya a yi mata aski tas, a datse kanta a bar gungume. Shekara na zagayowa sai ta fitar da toho barkatai, dogaye, masu saurin girma, waɗanda a jikin ɓawo kawai suke maƙale, ba su da tushe a cikin itacen. Wurin da aka datse kuma ruwa na kwanciya yana ruɓar da shi. Bayan 'yan shekaru waɗannan rassan sun yi nauyi, su ne na farkon ɓallewa su faɗo kan rufi. Gyaran da ya dace shi ne a cikin bazara, kafin hadari ya fara haɗuwa, a cire busassun rassa, da masu gogar juna, da wanda ya miƙe kan ɗaki ko kan wayar lantarki, a rage cunkoson ganye yadda iska za ta ratsa ta wuce. A yanka a daidai mahaɗar reshe, kada a bar guntu, kada kuma a ci cikin kututture. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko dashen ma muna ɓata shi tun ranar farko. Wanda ka saya a bakin titi, in ya daɗe a cikin leda, saiwarsa ta riga ta naɗe tana zagaye kanta. Ka sa shi a rami a haka, wasu ma har da ledar, to a haka zai girma, sama ƙato, ƙasa dunƙule. A warware saiwar kafin a binne, a yi rami mai faɗi. Ban ruwa kuma a yi shi ya ratsa ƙasa sosai ko da ba kullum ba, domin yayyafin kofi ɗaya kowace safiya yana koya wa saiwa zama a sama. In an kafa masa turke a ɗaure sako-sako, a kuma cire bayan ya kama, saboda kaɗawar da iska ke masa tun yana ƙarami ita ce ke ƙara masa kaurin gindi.

Zaɓin iri ma abin dubawa ne. Darbejiya asalinta Indiya, a zamanin Turawa aka kawo ta nan, ta kuma yi mana rana, domin ba don ita ba da Maiduguri da Kano da Sakkwato sun fi haka ƙuna. Itacen turare daga Ostireliya yake, yana da saurin tsawo, amma an san shi da yar da reshe, bai dace a dasa shi a jikin ɗakin kwana ba. Mun rungumi masu saurin girma mun yi watsi da namu saboda gajen haƙuri. Tsamiya tana da jinkiri amma itacenta ƙarfe ne, saiwarta na da zurfi. Giginya da goriba da dabino sai su yi ta lanƙwasa iska ta wuce. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, iska ba ta samun abin kamawa sosai a jikinsa. Aduwa, kanya, magarya, kurna, duk sun san wannan ƙasar da iskarta. Yaushe rabon da ka ga wani ya dasa kanya a ƙofar gidansa?

Yanzu bari in zo kan lambun cikin gida, wanda ba mai maganarsa. In jami'an agajin gaggawa sun zo ƙididdigar ɓarna, rufi suke ƙirgawa da katanga da turakun wuta. Ba wanda ke rubuta cewa gwandar wata baiwar Allah guda uku sun karye da 'ya'ya a jikinsu, ko zogalen da take tsinka ta dafa ta sayar ya tsage, ko kuɓewa da yakuwa da alayyafon bayan ɗakinta sun kwanta cikin taɓo. A takarda wannan ba asara ba ce. A wurinta kuwa miyar wata biyu ce, da kuɗin sabulu, da na makarantar allo. Mangwaron da iskar Afrilu ta kakkaɓe ɗanye, ai kuɗin shekara ne na wani dattijo.

Gwanda da ayaba ba su da itacen kirki, jikinsu ruwa ne, ga nauyin 'ya'ya a sama. Wurinsu shi ne inda gini ko shinge ya tare musu gabas, ayaba mai nono kuma a tokare ta da gwafa tun kafin hadari. Zogale a riƙa datse shi daidai tsayin mutum, ya fi ba da ganye, ya fi wuyar karyewa, in ma ya karye zai sake toho, kada a tumɓuke shi. Tumatir da barkono a yi musu kunya mai tudu don ruwa ya samu hanya, a shimfiɗa ciyawa a gindinsu, domin feshin taɓon da ruwa mai ƙarfi ke watsawa kan ganye yana ɗauko cuta daga ƙasa. Masarar da ta kwanta tun tana ƙarama, a ba ta 'yan kwanaki, sau da yawa da kanta take ɗago kai. Wanda ya yi garajen miƙar da ita da hannu shi ke ƙarasa tsinka saiwar. Haka ƙaramar bishiyar da ta karkata, in an yi hanzari tun saiwar ba ta bushe ba, ana iya tayar da ita a cike ƙasa a tokare ta, ta rayu.

Iyayenmu da suke kewaye lambu da dangar kara, ko shingen aguwa da bini-da-zugu da lalle, sun san abin da suke yi. Shingen da iska ke ɗan ratsawa yana karya mata ƙarfi, kariyarsa kuma tana kaiwa kusan ninki goma na tsayinsa. Katangar bulo tana tare ta gaba ɗaya, sai ta haura ta faɗo ta baya tana murɗawa. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, tun daga 1975 manoma da malaman daji tare da ƙungiyar agaji ta CARE suka yi ta dasa layuka bibbiyu na darbejiya, tsakanin kowane da na gaba mita 100, don tare iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka, kuma amfanin gonar da ke bayan layukan ya ƙaru. A nan gida ma akwai irin waɗannan shingaye na itatuwa a wajen Dambatta. Abin da ke kare gona shi ke kare unguwa. Ku lura da sababbin unguwannin bayan gari, inda aka share fili tas aka yanka filoti, ku ga yadda iska ke shiga ba mai tare ta. Wanda ya sare itatuwan layinsu don tsoron iska, ya buɗe mata hanya ne zuwa kwanonsa.

Na san za a ce mini abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Haka ne, iska rundunarsa ce, shi ya sa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya mana mu roƙi alherinta mu nemi tsari daga sharrinta. Amma shi ne kuma ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Duba gindin bishiyarka a watan Maris yana cikin ɗaure raƙumi.

Akwai itatuwan da dole a cire su, ban musa ba. Wadda ta yi kogo har kana ƙwanƙwasa ta tana amsawa, wadda ta fara karkata ƙasar gindinta na tsagewa tana tasowa, wadda naman kaza ya fito a jikinta, wadda ta rabu biyu tsagar na buɗewa, irin wannan kada a jira, musamman in yara na wasa a ƙarƙashinta. A nemi malamin daji na ƙaramar hukuma ya duba, maimakon mai itacen da ribarsa ke cikin faɗuwarta. Masu unguwanni su ma suna da rawar takawa, domin rigimar reshen da ya tsallaka katangar maƙwabci sau da yawa da sare bishiyar gaba ɗaya take ƙarewa, alhali cire reshe ɗaya ya isa. Sannan a ja kunnen yara: in hadari ya taso ba a fakewa a gindin bishiya saboda tsawa da faɗowar reshe, ba a kuma taɓa reshen da ya faɗa kan waya ko da an ɗauke wuta.

Wanda kuma ya riga ya sare tasa a bana, Yuli da farkon Agusta ne lokacin dashe, ƙasa ta jiƙa, ruwa zai raine masa ita kyauta. Ya matsa da ita nesa da jikin ɗaki da rijiya, ya bar mata fili babu siminti, ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki.