Ba a Gadon Ceto Kamar Gona

'Yan'uwana matasa, salama a gare ku. In aka tambaye ka ko kai wane ne, me kake fara faɗa? Yawancinmu sai mu kawo ƙabila, mu bi da ɗarika: ni ɗan ECWA ne, ni 'yar COCIN ce, mu EYN ne tun kakanni. Sunanka Bulus, sunanki Rifkatu, baba dattijon ikilisiya ne, mama kuwa ba ta fashin Zumuntar Mata. Madalla. Sai dai bangaskiyarsu tasu ce, ba za ta shiga rabon gado ba.

Shi Bulus ɗin da aka sa maka sunansa ya fi kowannenmu abin tinƙaho. A Filibiyawa 3 ya jero su da kansa: an yi masa kaciya a rana ta takwas, ɗan kabilar Biliyaminu ne, Ba'ibrane na asali, Bafarisiye. Ya tattara duka ya ce hasara ce in aka gwada da sanin Almasihu. To kai da katin baftisma kawai kake taƙama, ina zancen yake? Yahaya 1:12-13 ta fayyace: waɗanda suka karɓi Yesu, suka gaskata da sunansa, su aka ba ikon zama 'ya'yan Allah, kuma haihuwar nan ba ta jini ba ce. Nikodimu malami ne babba a Isra'ila, duk da haka aka ce masa sai an sāke haifarsa.

Abin da ke damuna shi ne, wanda bai san gidansu ba, kowane gida ya gani sai ya shiga. Ran Lahadi yana gaba a ƙungiyar mawaƙa, ran Litinin yana cacar ƙwallo a waya, ranar jarrabawa ga satar amsa a cikin safa. Wata kuma darajarta ta rataya a kan yawan masu yaba hotonta a Facebook, in ba su yaba ba, ranar ko tuwo ba ya shiga. 'Yar Sarki guda!

A Antakiya aka fara kiran masu bi Kirista, bayan Barnaba da Shawulu, wato Manzo Bulus, sun shekara guda suna koyarwa a can. Mutanen gari sun ga jama'ar da ba ta da zance sai na Almasihu. Abokan ɗakinka a makaranta, in da su za su raɗa maka suna, wanne za su sa?

Yau da dare, kafin ka taɓa waya, buɗe Afisawa sura 1 da 2, ka ɗauki biro, ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da aka ce kai ne cikin Almasihu.