Ƙashin muƙamuƙi ba ya sake tsirowa

Tallan tiyatar rage muƙamuƙi ya fara yawo a wayoyin 'yan matanmu na Agege da Idi-Araba a Legas, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ake sayar da shi kamar gyaran gira: hoton "kafin" da "bayan", lambar waya, a shiga da safe a fita da yamma.

Ga abin da ake yi. Sai an sa mutum barci gaba ɗaya. Likita ya yanka ta cikin baki, gefen dasashi, ya zura zarton lantarki ya datse kusurwar ƙashin a lungun da ido ba ya gani sosai. A cikin ƙashin akwai jijiyar da ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji. In zarto ya taɓa ta, leɓe zai mutu. Wani ya dawo bayan watanni, wani kuwa shi ke nan, miyau na zuba mai shi bai sani ba. In aka haura sama da yawa, ƙashin na iya karyewa kusa da mahaɗar kunne. Fatar da ta rasa madogara kuma sai ta saki.

Amma jini ne ke kisa. Manyan hanyoyin jini na bi ta wajen, kuma jinin da ya taru ƙarƙashin harshe yana iya toshe numfashi cikin kwana na farko ko na biyu. Wanda aka sallama da yamma, wuyansa ya kumbura yana cikin cunkoson gadar Third Mainland, wa zai buɗe masa maƙogwaro?

Masu cewa "jikinta ne, kuɗinta ne" su fara tambaya ko an gaya mata wannan. A Koriya ta Kudu, cibiyar wannan aiki, ɗalibi Kwon Dae-hee ya rasu a 2016 saboda zubar jini bayan tiyatar muƙamuƙi. Fafutikar mahaifiyarsa ta taimaka aka yi dokar sa kyamara a ɗakin tiyata a 2021.

Sau da yawa ma faɗin fuskar daga tsokar tauna yake, wadda allurar Botox ke ragewa na wasu watanni. Hoton ƙashi ne zai bambance. HEFAMAA, hukumar sa ido kan asibitoci ta Jihar Legas, da Majalisar Likitoci ta Najeriya su bi masu tallan nan, su tambaye su takardar ƙwarewa, da inda suke ajiye jini, da wanda ke kwana da majinyaci.