Yadda nake koya wa 'yan SS2 labarin Jamus kafin Hitler

Duk shekara in na tambayi ɗalibaina yadda Hitler ya hau mulki, amsar ɗaya ce: juyin mulki ya yi. Ban ga laifinsu ba, mu nan abin da muka saba ji ke nan, soja a rediyo da asuba. To, ya gwada juyin mulkin a Munich cikin Nuwamba 1923, bai ci nasara ba. Aka yanke masa ɗaurin shekara biyar, ko shekara ɗaya bai cika ba aka sake shi. Mulkin kuwa a hannu aka miƙa masa ranar 30 ga Janairu 1933, bisa tsarin doka.

Ni a ganina kuskuren da mu malamai muke yi shi ne fara labarin daga ƙarshe. Mukan buɗe da yaƙi da kisan Yahudawa miliyan shida, yaro ya kaɗu, ya ce waɗannan ai ba mutane ba ne, shi ke nan ya wanke hannunsa. Ni daga 1919 nake farawa, lokacin da aka rubuta sabon tsarin mulki a garin Weimar. Tsari ne mai kyau a takarda, har mata sun samu 'yancin zaɓe. Amma akwai sashe na 48 da ya ba shugaban ƙasa ikon mulki da dokar ta-ɓaci. Nakan ce su ja masa layi, za mu dawo kansa.

Labarin 1923 shi yara suka fi so: dalar Amurka ɗaya ta kai mak, kuɗin Jamus, tiriliyan 4.2, ana biyan ma'aikaci albashi ya ruga kasuwa kafin kuɗin ya mutu a hannunsa. Nan take aji ke rikicewa da labarin farashin burodi a unguwa. Sai in rubuta musu lamba a allo: zaɓen 1928, jam'iyyar Nazi ta Hitler kashi 2.6 cikin ɗari, kujera 12 kacal. Ashe hauhawar farashin ba ita ta kawo shi ba. Tattalin arzikin duniya ne ya karye a 1929, marasa aikin yi a Jamus suka kai miliyan shida. Sai Nazi suka samu kujeru 107 a 1930, sannan 230 a Yulin 1932.

A nan nake tsayar da darasi in raba takardu. Kai ɗan masana'anta ne da aka sallama, ke matar manomi ce da bashi ya ci gonarsu, kai tsohon soja ne da aka gaya maka 'yan siyasa ne suka sayar da ƙasa a yarjejeniyar Versailles bayan yaƙin duniya na ɗaya. Wa za ka zaɓa? Na hana su amfani da abin da suka sani ya faru daga baya. Wallahi abin da ke fitowa daga akwatin yakan sa ajin ya yi tsit.

Amma inda na fi daɗewa ba wajen talakawa ba ne. Tun 1930 majalisa ta kasa haɗa kai, shugaban gwamnati Brüning yana mulki da wancan sashe na 48, jama'a suka saba da gwamnatin da ba ta buƙatar wakilansu. 'Yan gurguzu da 'yan SPD, jam'iyyar ma'aikata masu bin dimokuraɗiyya, waɗanda ya kamata su tare hanya, suna ta cin dunduniyar juna. A zaɓen Nuwamba 1932 ma Nazi baya suka yi, zuwa kujera 196. A daidai wannan lokaci Papen, tsohon shugaban gwamnati kuma mutumin fada mai ji da kansa, ya shawo kan shugaban ƙasa, tsoho Hindenburg, cewa a ba Hitler kujerar shugaban gwamnati, ai 'yan Nazi uku ne kawai a majalisar ministoci, za a juya shi yadda ake so. Da ɗan gari akan ci gari.

Sauran bai kai wata biyu ba. Ginin majalisa ya ƙone ranar 27 ga Fabrairu, washegari aka dakatar da 'yancin magana da na taro. Ranar 23 ga Maris majalisa ta miƙa wa gwamnati ikon yin doka da kanta, ƙuri'a 444 da 94. 'Yan gurguzu suna tsare ko suna ɓoye. Waɗannan 94 duk 'yan SPD ne, shugabansu Otto Wels ya miƙe ya yi magana alhali dakarun Nazi sun cika zauren.

Bara wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, su 444 ɗin duk 'yan Nazi ne?" Na ce a'a, 288 ne kujerunsu. Ta ɗauki biro tana lissafin ragowar.